Jan Ɗigo a Bangon Shigifa

A ƙauyenmu, can gefen Kore Mairuwa, har yau ba a gama yarda cewa abin da nake yi aiki ba ne. In an tambayi ƙanena me yayarsa take yi a ƙasar Turawa, sai ya gyara zaman hularsa ya ce tana kallon abu yana rawa ana biyan ta. Nakan zage shi, amma bai yi ƙarya da yawa ba.

Inda nake aiki akwai wani tebur na ƙarfe a cikin ƙaton zaure, faɗinsa ya kai masussuka. A kansa ake gina kwaikwayon cikin tukunyar nukiliya, irin wadda take cin ƙarfen uraniyum da ake haƙowa a arewacin ƙasarmu ta ba da lantarki. Tubala ne jere bisa jere, da ramuka a tsakaninsu inda sandunan kashe wutar tukunyar suke sauka. Sai a kunna injuna, teburin ya yi ta jijjiga yadda ƙasa take yi in ta motsa. Abin da ake son sani shi ne, in girgizar ƙasa ta zo da gaske, ko tubalan nan za su goce har ramukan su karkace, sandunan su kasa sauka. In suka kasa sauka wutar ba ta mutuwa, abin da zai biyo baya kuwa ko maƙiyi ba a yi masa fatansa. Don haka kowane tubali sai an san iyakar gocewarsa, ko da ba ta kai kaurin gashi ba. Ni ba babbar injiniya ba ce. Ni ce mai kafa idanun da suke kallo.

Lokacin da na fara aikin, manna wa tubalan ƴan na'urori muke yi da gam, kowace da wayarta tana reto. Daga baya aka lura duk abin da ka manna wa tubali ya ƙara masa nauyi, wayar kuma tana riƙe shi, sai motsin da ka auna ya zama ba nasa ne tsantsa ba, da hannunka a ciki. Muka koma auna shi daga nesa, da siririn hasken lesa da kyamarori masu saurin ɗauka. Hasken ya sauka a jikin tubali ya dawo, na'ura ta faɗi nisan, ba wanda ya dame shi. Duk wanda aka haɗa ni aiki da shi, abu biyu nake fara cusa masa a kunne har ya gaji da ni: kada ka taɓa abin da kake aunawa, kuma idon da ka kafa ya zauna a kan abin da ba ya motsi. Ƙanena ya ce abin dariya ne a ce ƙasar da ko rumbu bai taɓa jin girgizar ƙasa ba ita ta haifi mai auna ta.

Ni ce ɗiyar fari a ɗakinmu, uwata kuwa irin matan dauri ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, a ɗakinta na tashi, gida biyu tsakaninmu da uwata. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. In tana nufina sai ta ce "waccan". Da na tafi karatu Dogondutsi na koma "ƴar lakwal", wato ƴar makaranta, da na tsallaka teku na zama "baƙuwarku". In ta hango ni ta wannan lungu sai ta tuna tana da saƙo a wancan. Ban tuna ranar da hannunta ya sauka a jikina ba, ko da duka ne. Ƙannena ta yi musu kitso, ta cire musu ƙaya, ta mare su in sun yi laifi, ni kuwa sai dai in tarar da dambu a rufe a ɗakin kaka, a ce wata ce ta aiko. Ranar da zan bar ƙasar ta saɓi kwando da sassafe ta tafi gona, ba ta dawo ba sai da mota ta tashi da ni. Mutane suna yaba mata, suna cewa mace ce mai alkunya. Ni dai abin ya yi mini ciwo, kuma ban taɓa ɓoye wa kaina hakan ba. Ƴaƴana biyu na rungume su har sun fara guduna.

Bayan rasuwar Baba uwata ta zauna ita kaɗai a shigifar da ya gina mata da hannunsa, ɗakin ƙasa mai rufin azara. Wata damina aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, bangon da ƙofa take jikinsa ya tsage daga kusurwar ƙofar har sama. Ƙanena ɗan kasuwa ne, yana da shago a Kore Mairuwa, yana cikin samarin nan masu ɗage wando da duk abin da tsofaffi suka yi sai sun nemi hujja. Ya yi abin kirki, ya gina mata ɗakin siminti mai rufin kwano a gefen gida. Ta leƙa, ta sa masa albarka, ta sa aka jibge buhunan wake a ciki. Ya kawo magini zai tokare bangon, ta hana. Ya ce to a cike tsagar a sake yaɓe, ta ce duk wanda ya sa wa bangon nan hannu ba ita ba shi. Kowa ya ɗauka ya san dalili. Baba da tafin hannunsa ya yi yaɓen, sawun yatsunsa yana nan layi-layi a ƙarƙashin rumfar bakin ƙofa, inda ruwa ba ya duka. Da bazara ta kawo kai ƙanena ya kira ni a salula ya ce shi ya gaji, in bangon ya sake jiƙa rufin a kanta zai sauka. Na nemi hutu na taho.

Na iso an yi shuka, gero ya kai idon sawu. Na durƙusa a bakin rumfa na gaishe ta, ta amsa wa ƙanena, ta tambaye shi ko an ba baƙuwa ruwa. Sannan na ɗaga kai na ga tsagar. Yatsana zai shige cikinta, bangon kuma ya ɗan turo ciki daga sama. Ni ba mai haƙuri ba ce, abokan aikina shaida ne. Na juya ga ƙanena na yi ta faɗa da ƙarfi yadda za ta ji, na ce wannan ba ɗaki ba ne, tarko ne, ko akuya ba zan ɗaure a ciki ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta. Da na yi shiru ta watsa wa kaji tsaba, ta gaya musu bangon nan tun bara ya gama tafiyarsa ya tsaya, kuma wasu da suka sauka ɗazu ba su fi mai kwana a ɗaki sanin ɗaki ba.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kaina a wurinta na gado shi. A jakata akwai wata ƴar na'ura irin ta magina mai fitar da jan ɗigon haske, autar waɗanda muke aiki da su. Na ce wa ƙanena ya gaya mata ba wanda zai taɓa bangonta, ko alli ba zan goga masa ba. Haske kawai zan ɗora a gurbin babban yatsan Baba, wani da ya fito sosai kusa da tsagar. In ɗigon ya zauna a gurbin har hutuna ya ƙare, ita ce da gaskiya, bango ya tsaya, zan kama bakina in koma inda na fito. In ya fita daga gurbin, ta kwashe kayanta ta koma ɗakin siminti. Ya maimaita mata, ko da yake ta fi shi kusa da ni. 

"Haske ba shi da nauyi," ta ce masa. "A bar ta ta haska."

Saura neman abin da ba ya motsi. Na sami wani tsohon turmi da ya tsage a bayan rumbu, na sa aka haƙa rami a ƙarshen rumfar, muka kife shi a ciki muka binne har wuya, muka daddaɓe ƙasar. Na ɗaure na'urar a gindinsa da robar taya. Ban saita ta ta fuskanci bangon kai tsaye ba, a karkace na sa ta, hasken yana bin jikin bangon, yadda in ya turo da kaurin ƙwayar gero ɗigon zai zame da faɗin yatsa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƴar bori ce tun tana budurwa, ta shigo ta ga jan ɗigon ta ja da baya, ta ce idon doguwa ne, a ba shi haƙƙinsa kafin ya tambaya. Ƙanena ya yi a'uzubillahi ya gyara murya zai fara wa'azi, ta ce masa ita ta yanke masa cibi, ya rufe mata baki. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Na tara yaran gida na yi musu kashedi mai zafi, na sa aka mayar da turken awaki bayan gida, na roƙi matar ƙanena kada ta jingina wa turmin ko tsintsiya. Mutum ɗaya ce ban yi wa kashedi ba, uwata. Matar da in hadari ya taso ko mayafina ba ta ɗagawa daga igiya, sai dai ta aiki wani, ban ga ta inda za ta taɓa kayana ba. Abin ko a raina bai zo ba.

Kullum da safe da la'asar nakan danna maɓallin, ɗigon ya fito, in ɗauki hotonsa da salula, in kashe. Ita tana zaune a tabarmarta ta ba ni baya, tana saƙar faifai. Wata safiya na tarar an kifa wa na'urar sabon faifai saboda raɓa da feshin ruwa. Na yi wa matar ƙanena godiya, ta dube ni ta yi murmushi, ta miƙo mini kwanon kopto, kwaɗon zogale, ta ce wata ce ta aiko. Zogalen ya ji ƙuli, an rage barkono kamar yadda nake so, ban san inda aka ji cewa haka nake so ba.

Ruwa ya sauka sosai a makonnin nan. Tafkin bayan gari ya cika, hanyar yashi ta zama laka, rumbun wani maƙwabci ya durƙushe. Duk sanda gabas ta yi baƙi sai in fito in tsaya ina kallon shigifar. Gari ya waye in danna maɓalli, ɗigon yana nan daram a tsakiyar yatsan Baba. Da farko na ji daɗi, don na fi son in ji kunya da in rasa uwa. Ƙanena ya sami abin tsokana, yana ta cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, tsohuwa ta ka da boko.

Sai dai abin ya fara damuna. A aikinmu babu abin da yake tsayawa cak haka. Ƙarfe kansa yana miƙewa da zafin rana ya tsuke da sanyi, balle ƙasar da ta sha ruwa. Ya kamata ɗigon ya ɗan yi yawo, ya je ya dawo. In na'ura tana ba mu amsa ɗaya kullum, ita muke fara zargi. Na duba turmin, yana nan yadda muka binne shi. Robar ba ta saki ba, ban kuwa kwance ta na duba ƙarƙashi ba, don kwance ta ɓata awon ne gaba ɗaya. Ga shi kuma ƙyauren ɗakin ya fara jan ƙasa, ina jin ta tana ɗaga shi da gwiwa in za ta buɗe. Hutuna ya kusa ƙarewa, alkawari kuma ni na ɗauka da bakina. Na fara tunanin yadda zan hau mota in bar ta ƙarƙashin rufin nan, tsoro ya hana ni cin abincin kirki.

Ranar kasuwar Kore Mairuwa ƙanena ya ɗauke ni a babur in sayi tsarabar yara. Azahar ba ta yi ba hadari ya haɗo baƙi ƙirin, na ce masa ni gida zan koma. Wani mai kabu-kabu ya sauke ni a bakin gari, na ƙarasa a ƙafa. Gidan shiru, kowa yana gona ko kasuwa. Na zo daidai darni, ta wata kafa a cikin karan na hango ta.

Tana tsugune gaban turmin. Ta ɗaga faifan, ta danna maɓallin da ya dace ba tare da lalube ba, ashe mai ba ni baya ta haddace komai. Ɗigon ya fito, kuma ko daga inda nake ina ganin ya bar gurbin yatsan Baba ya hau tudun yaɓen. Ta dube shi ta girgiza kai, yadda ake yi wa yaron da ya fita ba izini. Ta zaro tsinke daga tsintsiya, ta karya, ta tura shi a hankali ƙarƙashin na'urar ta baya, inda robar ta rufe. Ta dubi bango, ta ƙara turawa kaɗan. Ɗigon ya dawo gurbinsa ya zauna. Sannan ta kama bakin zanenta ta share ƙurar jikin na'urar, gaba da baya, ta tofa mata addu'a, ta mayar da faifan.

Na yi fushi, ba zan ce ban yi ba. Makonni tana yi mini gyaran gangar Auzinawa, kuma da ranta take wasa. Amma kafin fushin ya kai bakina wani abu ya riga shi, kishi ne. Mace mai ƴaƴa, da furfura a gefen kai, na tsaya bayan darni ina kishin ƴar na'ura saboda uwata ta share mata fuska da zanenta.

Na shiga. Babu ƙanena da zan bi ta kansa, ban kuma nemi kaji ba.

"Inna," na ce. Tunda nake ban taɓa kiran ta haka a gabanta ba. "Bangon ga shina tahiya. Kin gani da idonki, ni ma na gani."

Ba ta waiwayo ba. Ta gaya wa turmin cewa kowa da kwanansa, wanda nasa bai ƙare ba ko dutse ya faɗo masa zai tashi. Na ce in don yatsun Baba ne, zan sa a yanko wurin da zarto a kai mata sabon ɗaki ta yi ta kallo. Sai ta yi wata ƴar dariya.

"Wa yac ce don shi ne? Shi na gan shi, na zamna da shi, na wanke mai kaya har Allah ya amshi abinai. Ya ishe ni."

Ta miƙe, ta ɗaga ƙyauren da gwiwa ta shiga. Daga ciki na ji tana gaya wa duhun ɗakin in mai haske tana son gani ta shigo. Rabona da ɗakin nan tun ina yarinya, shi ma leƙe ne daga bakin ƙofa.

A bayan ƙyauren, jikin bangon da ya tsage, akwai randar ruwanta. Ta karkata ta, ta mirgina ta gefe, ta koma bakin gado ta zauna tana kallon ƙafafunta. Na haska da salula. Can ƙasa, bai wuce tsayin gwiwa ba, akwai sawun hannu a cikin yaɓen, ɗan ƙarami, yatsu biyar a buɗe. Duk sauran bangon ja ne mai kaushi, wurin nan kuwa ya yi baƙi ya yi sulɓi, irin yadda ƙotar hauya take yi in ta daɗe a hannu.

Labarin ga bango ta ba shi, ni ina saurare. Ta ce ranar da ake yaɓen ciki, uwar mijinta ta shigo ganin aiki da wata yarinya da aka yaye ba da daɗewa ba. Yarinyar ta ga uwarta ta nufo ta da gudu, uwar ta kauce saboda idon tsohuwa, yarinyar ta yi tuntuɓe ta dafa ɗanyen bango. Tsohuwa ta ɗauke ta ta goya, ta fita da ita tana kuka. Maigida ya ce in ya gama sama zai shafe wurin. Ba ta iya cewa a bari ba, da wane baki? Sai ta jawo randa ta girke a gaban wurin, ta ce nan take son ruwanta ya zauna. Shi ya manta. Ita kuwa tun daga ranar, duk sanda ta zo ɗibar ruwa, hannu ɗaya yana kan moɗa, ɗaya yana bayan randa.

"In anka yanke shi rugujewa za shi yi," ta ce. "Ƙasa ce. Shi ɗai gare ni."

Na daɗe a tsugune. Na yi kuka, ba mai sauti ba, ita ma na ji tana jan hanci tana mitar hayaƙi ya cika ɗakin, alhali ba a hura wuta ba. Na ji tausayin yarinyar nan da ta faɗi, na fi jin tausayin wadda ta kauce. Iska ta taso, yayyafi ya fara, ƴar ƙasa ta zubo daga tsagar ta sauka a kafaɗata. Ita ta tuna mini abin da ya kawo ni.

Roƙo na gwada shi, hujja ma na gwada, duk ba su yi ba. Na fita na ɗauko tabarmata da matashina daga ɗakin matar ƙanena, na dawo na shimfiɗa daidai ƙarƙashin tsagar, na kwanta na lulluɓa da mayafi.

"Nan za ni kwana," na ce. "Yau da gobe da jibi. In ya tashi hwaɗuwa shi hwaɗo muna mu biyu."

Ta miƙe tsaye. A zuriyarmu ba a taɓa jin ɗiyar fari ta kwana ɗaki ɗaya da uwarta ba, kuma ban san wanne ya fi tayar mata da hankali ba, wannan ko azarar da ke saman kaina. Ta gaya wa randa cewa wagga yarinya Turawa sun cinye mata kunya. Ta zagaya ɗakin, ta tsaya, ta ɗaga kai ta dubi rufin. Ruwan ya ƙaru. Ni dai na rufe ido na yi lamo, ko da yake ni ma tsoron bangon nake ji. Na ji ƙarar ƙyaure. Daidai nan ƙanena ya shigo gida a jiƙe yana tura babur, ya tarar da uwarsa a tsakar gida cikin ruwa, tabarma a naɗe a hammata, buta a hannu, ta nufi ɗakin siminti.

"Ka hwaɗa mata na hita," ta ce masa. "Ta hito. Maza ta hito."

Ban taɓa jin muryarta ta yi rawa saboda ni ba sai ranar.

Washegari na kwance robar. Tsinkayen da suka zubo sun isa a yi wa ƴar tsana tsintsiya. Da na'urar ta koma mazauninta na farko, ɗigon ya faɗa can nesa da yatsan Baba, kusa da bakin ƙofa. Ƙanena ya dube shi ya kama baki, bai tsokani kowa ba ranar. Uwata kuwa ta tashi tana mitar rufin kwano, ta ce kamar an kwantar da mutum cikin ganga ana kiɗa.

Da aka sami ƴan kwanaki na rana, magini ya zo aka sauke rufin. Uwata ta ce tana da ciyawar da za ta cire a gona, ta fita tun da safe. Na ce a ba ni zarto, akwai wurin da ni zan yanka da kaina a bayan ƙyaure, na rataya zane na kare shi daga idon mutane. Mai hana a taɓa abu, ga ni durƙushe ina gurzar bango. Na bi a hankali, yaɓen da ɗan abin da ke bayansa, har guntun ya saki, girmansa kamar faifai. Sai da na ɗaga shi gefe ɗaya ya ɓalle ya zama gari a cinyata. Ƙaramin yatsan ne ya tafi. Sauran bangon kuwa, magini da kafaɗa ya tura shi ya kwanta.

Na kai guntun ɗakin siminti, na jingina shi a kusurwa, na girke randa a gabansa. Da ta dawo ta shiga ta daɗe. Ta fito ta watsa wa kaji tsaba, ta gaya musu aiki ya yi kyau, sai dai yatsa ɗaya ya ɓata. Ba ta ƙara cewa komai a kai ba, kuma har hutuna ya ƙare ba ta sake yarda mun haɗa ido ba. Na koma baƙuwa, kopto ya ci gaba da zuwa daga wurin wata.

Ranar tafiya na tashi ina jiran a ce mini ta saɓi kwando ta tafi gona kamar wancan karon. Na ɗaure jaka, na nufi ɗakin siminti don in yi sallama ko da labule ne. Tana nan zaune a bakin ƙofa. Na durƙusa, na dafa ƙasa, na ce zan tafi. Ta juya fuskarta wajen ƙanena da ke jirana da babur a kunne, ta fara jero masa saƙo: ya gaya wa baƙuwa ta gai da yara, ta sauka lafiya, ta rage faɗa. Tana cikin jerowa na ji an kama ƙaramin yatsana. Shi kaɗai ta kama, tsakanin yatsunta biyu masu kaushi, tana murza shi a hankali, idonta yana kan ƙanena, saƙon kuma ya ƙi ƙarewa. Ya dube mu, ya sa hannu ya kashe babur ɗin, ya ce ai motar Dogondutsi ba ta cika da wuri.